Kujerar Nima da Maamobi a Majalisa: me muke aika mutum ya je ya yi?



Mu da aikinmu shi ne zama gefen dattijo muna rubuta masa wasiƙa, muna karanta masa wadda aka aiko, mun fi kowa ganin irin buƙatun da jama'a ke ɗorawa a wuyan ɗan majalisa. Kuɗin makarantar marayu, kujerar Makka, gudummawar jana'iza, buhun shinkafa da sukari idan azumi ya kama, sai kuma aikin soja ko na kwastan ga yaron da ya gama karatu. Shekara da shekaru muna rubuta irin waɗannan takardu da hannunmu, muna buga musu hatimi. Amma da wuya a ce yau ga wasiƙa guda an aika wa Onarabul ana tambayarsa me ya faɗa a zauren majalisa, ko wane ɓangare ya bi da aka kawo wata doka. Wannan shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau, kuma da kanmu muka fara tuhuma kafin mu tuhumi kowa.

Gana ba ta da majalisun jihohi irin na Nijeriya. Majalisar dokoki guda ce, tana nan cikin Accra, ba ta da nisa da mu. Saboda haka mutum ɗaya da muka aika shi ne bakinmu a wurin da ake yin doka ana raba kuɗin ƙasa. Da can Nima da Maamobi kujera ɗaya ce, Ayawaso East. A 2012, lokacin da hukumar zaɓe ta ƙara mazaɓu daga 230 zuwa 275, aka yanko Ayawaso North, Maamobi ta samu tata. Dakta Mustapha Ahmed, likitan haƙori kuma tsohon manjo na soja, ya riƙe Ayawaso East daga 2001, sannan ya koma sabuwar kujerar a 2013, har ya taɓa zama ministan matasa da wasanni. Naser Toure Mahama ya gaje shi a Nima, Yussif Jajah kuma ya ci Maamobi a zaɓen 2016. Dukkansu Musulmi ne, kuma dukkansu 'yan jam'iyyar NDC ne, domin tun da aka koma mulkin farar hula a 1992 wannan yanki bai sauya laima ba.

Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takarda, aka ba su mako biyu. Kakanninmu da yawa, wasu ma a nan aka haife su, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Duk gidan da ke Zango yana da labarin wannan shekara. Ba mu ce a manta ba, kuma ba mu zo nan don mu gaya wa kowa inda zai dangwala ba. Abin da muke so a lura shi ne sakamakon: idan kujera ta zama tabbas ga jam'iyya ɗaya, to zaɓen gaskiya ba na watan Disamba ba ne, na fitar da gwani ne. Wanda ke neman kujerar ya san 'yan tsirarun da zai faranta wa rai, ya kuma san sauranmu za mu bi ko an yi mana ko ba a yi ba. Ita ma ɗaya jam'iyyar takan ga kamar asarar ƙarfi ce ta kawo mana gwarzonta. Ga shi tsohon shugaban ƙasa Akufo-Addo gidansa na kansa a Nima yake, mun yi maƙwabtaka da mulki shekara takwas, amma idan damina ta sauka kowa ya san inda ruwan kwata ke kwana.

Idan lokacin fitar da gwani ya zo, tambayar da muke ji a majalisar dattawa ita ce: ɗan wa ne? Wace ƙabila, Bahaushe ne ko Bazabarme ko Dagomba ko Kotokoli? Wane malami ya karantar da shi, kuma wane masallaci yake salla? Ba mu raina asali ba. Mutumin da ya tashi a gidan haya mai ɗaki goma da ban-ɗaki guda, ya yi layin famfo da asuba, ba sai an yi masa bayanin Nima ba. Tsarin mulkin 1992 ma ya nemi ɗan takara ya kasance mazaunin mazaɓar ko ɗan asalinta. Sai dai sanin ciwo daban, sanin magani daban. Aikin majalisa karatun takarda ne mai kauri, zaman kwamiti ne, tsare minista da tambaya ne har ya ba da amsa. Muna iya samun yaro nagari mai ladabi da kyauta, wanda ba ya wuce gawa bai tsaya ba, ya yi shekara huɗu a zauren nan ba a ji muryarsa ba. Kuma ba Turanci ne uzuri ba, don ƙa'idojin majalisar sun daɗe da ambaton Hausa cikin harsunan da wakili zai iya magana da su idan akwai tafinta.

Akwai kuma zaluncin da mu muke yi musu. Share kwata da kwashe shara da gyaran kasuwa aikin majalisar gunduma ne, kuma tun 2018 Ayawaso East da Ayawaso North kowacce ta samu tata. Shugabanta kuwa shugaban ƙasa ke naɗa shi. Ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya a Disamba 2019 kan sauya tsarin zaɓen gundumomi janye ta aka yi. Ɗan majalisar dokoki yana zama a cikinta amma ba shi da ƙuri'a, abin da ke hannunsa ɗan kaso ne daga asusun gundumomi. Mu kuwa ranar zaɓen asambuli man sai mu yi kwanciyarmu, sannan mu tashi mu tare motar Onarabul saboda kwatar ƙofar gidanmu. Shi ma da ya ga abin da muke aunawa ke nan, sai ya bar takarda ya kama rabon shinkafa.

To mene ne nasa na gaskiya? Ga guda wanda ke ci mana tuwo a ƙwarya kowane wata. Dokar rajistar auren Musulmi da ake aiki da ita ta 1907 ce, tun zamanin Turawa, har sunanta da shi take kiranmu da sunan da ba namu ba. Ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi su hallara. Aure nawa aka ɗaura a Nima aka bi wannan hanya? Ba a ganin illar sai an yi rasuwa. Mun zauna da wata baiwar Allah da ta yi shekara fiye da ashirin a ɗakin mijinta, da ya rasu dangi suka kai maganar gida kotu, aka nemi takardar da ba ta taɓa jin labarinta ba. Dattijonmu ya yi sulhu iya ƙarfinsa, amma sulhu ba ya gyara doka. Ga kuma dokar gado ta 1985 da take tafiya a gefe guda, rabon gado na shari'a a gefe guda, iyalai suna tsakiya. Wannan ba aikin limami ba ne, ba na sarkin Zango ba ne. Majalisa ce kaɗai za ta iya, kuma tun 2020 an buɗe ƙofar da wakili zai kawo ƙudurin doka da kansa.

Na biyu shi ne maganar zama ɗan ƙasa. Yaron da kakansa ya zo tun zamanin da Malam Futa ya sauka a Nima, shekaru kafin 'yancin kai na 1957, har yau yakan je neman Ghana Card ko fasfo a ce masa ina garinku, ya ce Nima, a ce Nima ba gari ba ne. Sunansa kawai aka gani. Mun rubuta takardun shaida irin waɗannan har hannu ya gaji. Wakilin da ya san aikinsa zai tara irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, ya kira ministan da abin ya shafa ya amsa a bainar jama'a, a rubuta amsar cikin kundin majalisa yadda gobe za a iya kama shi da ita.

Sai Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017. Ma'aikatar da aka yi dominsa an rushe ta a 2021, asusun ya saura. Nawa aka ware masa kowace shekara, nawa aka saki, nawa ya iso Ayawaso? Waɗannan lambobi suna bi ta gaban wakilanmu a kasafin kuɗi, kuma haƙƙinmu ne su zo su karanta mana su da Hausa. Haka nan albashin malaman Larabci a makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, wanda aka kafa tun 1987, da kuma babbar kwatar da ta ratsa tsakaninmu ta gangara Odaw. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, da ruwa da wuta suka haɗu suka ci rai fiye da 150, ya san kwata ba ƙaramar magana ba ce, kuma kuɗin irinta daga gwamnatin tsakiya yake fitowa.

Shawararmu ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin mata da samarin da ke zama a bes-bes ita ce, duk mai neman ɗaya daga kujerun nan biyu, ko daga wace jam'iyya yake, a gayyace shi zama kafin fitar da gwani, ba bayansa ba. Kada ya zo da ambulan, kada kuma a karɓa idan ya kawo. A tambaye shi dokar 1907, a tambaye shi wane kwamiti yake so a sa shi da dalilinsa, a tambaye shi sau nawa a shekara zai dawo ya ba da bayani. Mu masu alƙalami mun ɗauki nauyin rubuta amsoshinsa, mu ajiye kwafi a wurin dattawa, mu sa wani a wannan shafi da kwanan wata.