An Ƙara Guraben Ɗaliban Jinya, Amma Wa Zai Koya Musu Sauraren Mara Lafiya da Duba Jikinsa?

Duk wanda ya yi jinya a babban asibiti a 'yan shekarun nan ya lura cewa ɗalibai masu koyon aikin jinya sun ƙaru. Da safe za ka gan su rukuni-rukuni, kowa da ɗan littafi da biro, wannan na gwajin jini, waccan na tambayar "yaushe ciwon ya fara?" Wasu marasa lafiya kan ba su haɗin kai. Wasu kuma su juya baya su ce ba a kawo su asibiti don a koyi aiki a kansu ba.

Yawan nan yana da dalili. A farkon 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta fito da sharaɗin cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu bayan kammala karatu kafin a tantance mata takardun fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A ɗaya ɓangaren kuma, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa an ɗaga guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun horar da ma'aikatan lafiya, har da na jinya, daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara.

Ƙara gurabe mataki ne mai kyau, muna kuwa buƙatar sa. Sai dai waɗanda ke ficewa galibi su ne suka ƙware, masu shekaru a bakin aiki, kuma a hannunsu ɗalibi ke koyon abin da allo ba ya koyarwa. Ana iya cusa ɗalibai ɗari biyu a aji a karanta musu sassan jiki. Ba za a iya jera mutum ashirin a bakin gado ɗaya a ce kowa ya saurari ƙirjin mara lafiya har ya bambance lafiyayyen numfashi da na huhun da ruwa ya taru a ciki ba.

Abu biyu ne tushen aikin. Na farko ɗaukar tarihin rashin lafiya: me ya kawo ka, yaushe ya fara, me ke ƙara shi, wane magani ka sha, akwai mai irinsa a gida? Na biyu duba jiki: a kalla da ido, a taɓa da hannu, a ƙwanƙwasa, a saurara da abin sauraren ƙirji. Mutanenmu sun fi girmama hoto da gwajin jini, har wani kan ga kamar ba a yi masa komai ba idan ba a tura shi ɗakin gwaji ba. Amma wani sanannen bincike da aka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 1975 ya bi sababbin marasa lafiya 80, aka tarar cewa a 66 daga cikinsu bayanin da aka samu kafin a taɓa su ne ya kai ga gano cutar. Duba jiki ya taimaka a 7, gwaje-gwaje ma a 7. Binciken ya tsufa, kayan aiki sun ci gaba, amma a ƙaramin asibitin ƙauye da babu na'urar hoto, kuma likita ba ya zuwa kullum, kunnen nas da hannunta su ne kusan komai.

Ɗauki yaro mai tari. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya yana kwance hankali. Idan yana tsakanin wata 2 zuwa 11 kuma numfashin ya kai 50, ko yana tsakanin shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ana zargin ciwon huhu. Agogo kawai ake buƙata. Amma ɗalibar da ba a taɓa tsayawa a kanta ba za ta kalli yaron ta rubuta adadin da ta saba gani a kati. Haka mai juna biyu da ta wuce mako 20, jininta ya kai 140/90, tana ciwon kai, idonta na dishi-dishi. Nas ɗin da ta tambaya ta kuma auna daidai za ta kira likita kafin jijjiga ta zo. Wadda ta ɗaura abin awo a kan hannun riga, ko ta yi amfani da wanda ya yi wa damtsen kaɗan, za ta rubuta lambar da ba gaskiya ba.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Ana koyar da ɗalibai da Turanci, su kuma je su yi tambaya da Hausa. Ka ce wa Bahaushe "yaya jiki?" zai ce "da sauƙi", ko da da ƙyar yake numfashi. Mace ta ce tana da "sanyi": fitar ruwa take nufi, ko ciwon mara, ko ciwon gaɓoɓi? Wani ya ce "basir" ne ke damunsa, alhali jini yake gani a bayan gida wata da watanni yana ramewa, wanda a dattijo dole a bincika ko ciwon daji ne na hanji. "Shawara" ma haka, tana ɗauke da cututtuka daban-daban. Ga kunya. Matashiya ba za ta faɗi ranar ƙarshen al'adarta a gaban surukarta ba. Sanin lokacin da za a ce wa 'yan rakiya, "Don Allah ku ɗan ba mu wuri," ba a littafi yake ba. Ana koyon sa ne ta ganin babbar nas ta yi. Mu likitoci ma ba mu tsira ba. Wani bincike a Amurka a 1984 ya nuna likitoci kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 da fara magana.

Makarantu da dama yanzu suna da ɗakin koyon aiki, inda ɗalibi ke gwaji a kan mutum-mutumin roba ko abokin karatunsa. Ana kuma amfani da jarrabawar da ake kira OSCE, wadda aka ɓullo da ita a Dandi ta Sikotlan a shekarun 1970, inda ɗalibi ke bi tasha-tasha yana nuna aikin a gaban mai dubawa. Wannan ci gaba ne, domin ya fi kyau kuskuren farko ya faru a kan roba. Amma roba ba ta jin kunya, ba ta ɓoye cewa ta sha jiƙo. Abin da ya kamata a riƙa tambayar gwamnatoci da masu makarantu masu zaman kansu shi ne: ɗalibai nawa ne ke ƙarƙashin malami ɗaya a ɗakin marasa lafiya, kuma gadaje nawa asibitin da suke koyo yake da su? A ganinmu duk makarantar da ba ta da amsa mai gamsarwa bai kamata a ƙara mata gurbi ba.

To kai da ke kan gado, ko ke da ke jinyar mahaifiya fa? Kuna da haƙƙi. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a Najeriya a 2018 ya tanadi a yi maka bayani da harshen da kake fahimta, a kuma kare sirrinka. Ɗalibi ya gabatar da kansa a matsayin ɗalibi, ya nemi izini kafin ya taɓa ka, a ja labule. Kana iya cewa a'a, ko mace ta nemi mace ta duba ta, kuma hakan bai kamata ya rage kulawar da ake ba ku ba. Idan allura ce ko saka robar fitsari, tambayi wace nas ce ke kula da ɗalibin, kuma ta kasance a wurin.

Idan kuwa ka amince, to ka faɗi gaskiya. Zo da kwalayen magungunan da kake sha, har na kemis da na gargajiya. Yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac na iya jawo gyambon ciki ko taɓa ƙoda, kuma ba wanda zai sani sai ka faɗa. Faɗi idan wani magani ya taɓa yi maka illa. Kada ka gaji don an maimaita tambayar da likita ya riga ya yi: ɗalibi ya fi kowa lokaci a ɗakin, kuma sau da yawa shi ake gaya wa abin da aka manta a gaban likita. In ya auna jininka ko zafin jikinka, tambaye shi nawa ya samu, kuma wa zai kai wa sakamakon.