Jini a bayan gida, asibiti a nesa: tambayar da za ka yi wa mai neman ƙuri'arka

Ɗan'uwa mai zaɓe, na Maiwurno, na Rusairis, na ƙauyukan Jazira da kambo-kambo na bakin tura, ka karanta wannan, ka kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Akwai ciwon da muke jin kunyar ambato, yana kuwa cin mutanenmu. Shi ne ciwon daji na babban hanji da dubura, wanda Larabawa ke ce wa saraɗan. Yakan fara da ɗan tsiro a cikin hanji, ba zafi, ba alama. Tsiron kan yi shekaru, wani lokaci har goma, kafin ya rikiɗa. In an gan shi a wannan tsakani, a cire shi kawai, magana ta ƙare. A ƙasashen da ke ƙidaya, wanda aka gano nasa tun bai bar hanji ba, kusan 9 cikin 10 na nan da rai bayan shekara 5. In ya riga ya kai hanta ko huhu, 2 cikin 10 ma ba su cika ba.

To me ya sa namu sai a makare? Domin jini a bayan gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya girma yana shiga ruwan tura ya san bilharziya, ya san atuni. Sai a ce basir ne, a jiƙa sassaƙe, a ƙara wata shida. Ba laifin mara lafiya ba ne. Wa ya taɓa zuwa ƙauyenku ya gaya muku cewa jinin da ya ƙi tsayawa, ko bayan gida da ya sauya makonni, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, abin a duba ne? Akwai gwajin bayan gida mai arha da ke nuna jinin da ido ba ya gani. Ingila tun 2006 take aika wa dattawanta shi har gida ta gidan waya. Mu ba mu ce a aiko mana ta waya ba. A ajiye shi a shafahana mana!

Yanzu a ce an gano. Ina za ka nufa? A 2010 manyan wuraren biyu ne: asibitin Zarra na Hartum, da aka buɗe tun 1967, da cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Madani. Shawararmu a lokacin, in hali ya yi, ka fara da Madani: ta fi kusa, ga dangi da za su sauke ka, don magani na watanni ne, ba na kwana uku ba. Kada ka yarda a yanka ka a ƙaramin asibitin kuɗi kafin a leƙa hanjin da minzar, a ɗebi ɗan nama a gwada. Na dubura musamman, sau da yawa sai an haɗa gashi da na'ura da tiyata, don haka ka tambaya tun farko ko suna da duka. Kowace takarda ka adana ta.

Amma dubi lissafin. Daga Damazin zuwa Madani ya haura kilomita 300. A 2010 babu na'urar gashi a Damazin, babu a Sinja, babu a Sannar. Manomi ya sayar da akuya don mota, ya sayar da buhun dawa don masauki, ya isa a ce ya dawo wani watan. Su kuwa manya, in cikinsu ya murɗa, sai Alƙahira ko Amman.

Mu'utamar Waɗani da iyayen gidanta sun hau mulki a 1989. Tun 1999 ake fitar da man fetur. A 2009 aka buɗe madatsar Marawi da kiɗa da jawabi. Madatsar Rusairis kuwa tun 1971 take haska Hartum daga ƙofar gidanmu. Shekara 21, daga 1989 zuwa 2010, kuɗin na'urar leƙa hanji da likitan da zai riƙe ta a kowane babban asibitin jiha ne ya gagara? Audugar Jazira hannun iyayenmu ya tsince ta. Ba sadaka muke roƙo ba.

Abin da jam'iyyarmu ta tsaya a kai: gwajin bayan gida kyauta ga duk wanda ya kai shekara 50, da duk mai alama ko shekarunsa nawa, minzar a asibitocin Damazin da Sinja, kuɗin mota da masauki ga wanda aka tura Madani, da ma'aikatan lafiya mata masu jin Hausa, domin uwa ba za ta faɗa wa baƙon namiji wannan magana ba, balle ta bakin tafinta.

Duk ɗan takarar da ya shigo da lasifika, ka tsayar da shi ka tambaye shi: in mahaifina ya ga jini gobe, ina zan kai shi, wa zai biya? Ka ji amsarsa.  Ka zo da katinka, ka zo da matan gidanka.