Ƙofar Jami'a: A Buɗe Wa Kowa, Ko A Tace?

Daren jiya gardama ta kaure a ɗakin kwananmu har kusan asuba. Wani ɗan'uwa mai karatun lauya ya dage a kan cewa ilmi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, saboda haka duk wanda ya gama sakandare a ba shi kujera a jami'a. Na kusa da shi, ɗalibin likitanci, ya ce atafau, jami'a ba kasuwar Kurmi ba ce da kowa zai kutsa kai, wuri ne na masu ƙwaƙwalwa. Ni dai na saurare su, na kuma ga cewa kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Bari in fara da abin da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Jami'a ba ta kowa ba ce. Wanda zai tsaga cikin majiyyaci, ko ya zana gadar da dubban mutane za su bi, tilas a gwada shi kafin a karɓe shi, kuma a sake gwada shi kafin a sallame shi. Mu da ke ciki mun san yadda ake cunkushe ɗaruruwan ɗalibai a zauren lacca guda, na baya ba ya jin malami, na bakin taga yana rubutu a kan gwiwarsa. A shekarar 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB. In an ce dukansu su shigo ba tare da an ƙara malamai da ɗakunan gwaji ba, takarda kawai za a raba musu, ilmin kuwa ya tafi.

To amma ina ɗan'uwana mai karatun likitanci ya kuskure? Ya ɗauka jarrabawa ƙwaƙwalwa take aunawa. A ganina, sau da yawa makarantar da yaro ya fito take aunawa, da kuma aljihun ubansa. Ina da aboki da muka yi aji ɗaya tun daga firamare, wanda ban taɓa cin sa a lissafi ba ko sau ɗaya. Ni Allah ya sa kawuna ya ɗauke ni zuwa birni. Shi ya zauna a sakandaren ƙauyenmu, inda aka shekara biyu babu malamin kimiyya. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta, shi kuwa ranar jarrabawa ita ce rana ta biyu da hannunsa ya taɓa kwamfuta. Ya faɗi. Yanzu yana sayar da katin waya a tasha. Wa zai dubi idona ya ce na fi shi basira?

Magabatanmu sun gane wannan. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba da daɗewa ba aka lura cewa sakandarorin Arewa ba su fitar da isassun ɗaliban da za su cike ta. Ba a sauke ma'aunin digiri ba. Sai aka kafa makarantar share fage a Zariya, a ɗauki yaro mai hazaƙa wanda bai sami kyakkyawan tushe ba, a gyara masa tushen, sannan ya shiga ya yi takara da kowa. Da yawa daga cikin manyan malamanmu ta wannan ƙofa suka bi. Wannan dabara ta fi mini tsarin rabon gurabe da ke ware kashi 45 cikin ɗari don cancanta, 35 don 'yan yankin jami'ar, 20 don jihohin da aka bari a baya. Ban ce a soke rabon ba, domin ba don shi ba da wasu ƙananan hukumomi ba su ga ɗansu a jami'a ba. Amma rabo kujera yake bayarwa, ba ya koya wa yaro abin da ba a koya masa ba a aji uku.

Akwai kuma tankaɗen da ba a rubuta a takarda ba, wato kuɗi. A 1978, shekarar da aka kafa JAMB ɗin kanta, ɗalibai suka yi zanga-zangar "Ali Must Go" saboda ƙarin kuɗin abinci da wurin kwana, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Abin da suka hango shi ne ranar da ɗan talaka zai ci jarrabawa amma ya kasa zama. Bashin karatu da aka fara bayarwa a 2024 ya rage wa wasu nauyi, sai dai wanda bai kai ga samun gurbi ba bai san da zamansa ba.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikatan gwamnati, kuna da hannu a wannan rububi. Muddin mai babbar difloma ta kwalejin fasaha yana ganin mai digiri ya wuce shi a matakin albashi alhali aiki ɗaya suke yi, babu uban da zai yarda ɗansa ya tafi koyon sana'a da son ransa. Kowa zai ruga jami'a, har wanda zuciyarsa ke wajen injin.

Roƙona ga Ƙungiyar Ɗalibai ƙarami ne. A dogon hutu mai zuwa, a shirya mu rukuni-rukuni, kowa ya koma sakandaren ƙaramar hukumarsa ya koyar da lissafi da Turanci da kimiyya na mako shida, a kuma nemi aron kwamfuta ko da biyar ce a tafi da ita. Na riga na yi wa abokina magana, ya ce in an zo zai sake sayen fom.