A Kai Yara Su Ga Kogi

Idan marka ta kankama a watan Agusta, aka kwana aka wuni sama ba ta ɗauke ba, duk garin da ke bakin kogi za ka tarar yara sun yi dafifi a kan gada suna kallon ruwa. Abin da muka saba shi ne a fito da bulala a kora su gida. A ganina korar ba ta maganin komai. Yaron da aka hana da safe zai sulale da la'asar, shi kaɗai, babu babba a kusa.

Gara uba ya riƙe hannun ɗansa su je tare. Ya kafa sanda a bakin ruwa, ya ɗaura mata tsumma, su koma kan tudu. Gobe su dawo su ga inda ruwan ya kai. Ya nuna masa yadda ruwan ya yi jawur, yana tafe da karare da rassan itace, wani lokaci har da mushen akuya. Ya nuna masa gaɓar da ruwa ya rarake ta ƙasa, a ido lafiya lau, ana takawa ta rufta.

Sannan ya faɗa masa cewa kogi ba da ruwan garinsu kaɗai yake cika ba. Mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja shaida ne: ana iya yin rana ƙwal a Jigawa, alhali ruwan da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa a Kano yana kan hanya. Inda ciyawar kachala ta toshe masa mafita kuwa, sai ya faɗa gonaki da gidaje. Ba ya kuma jiran gari ya waye. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri.

Wani zai ce kai yaro bakin ruwa ai neman magana ne. To masunta fa? Ba sa ɓoye wa 'ya'yansu kogi, tun suna ƙanana suke koya musu inda ake shiga da inda ba a kusanta.

Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da gargaɗin ambaliya kowace shekara, amma gargaɗi sai wanda ya san ma'anarsa. Masu unguwanni da malaman makaranta su gayyato sarkin ruwa ya yi wa yara bayani. Kafin damina ta yi nisa, kowane yaro ya san hanyar da ta nufi tudu, ya san kuma wanda zai goya ƙaninsa idan aka yi shelar tashi.