Masu Saran Itatuwan Nassarawa

Duk wanda ya san unguwar Nassarawa ta Kano a wajen 1980, in ya bi Titin Sultan ko Lamido Crescent yau, lalle zai ga abin da zai ɓata masa rai. Gida ɗaya mai faɗin gona an yanka shi huɗu ko shida, an ta da benaye da kantuna, an kuwa fara da sare maɗaci da tsamiya waɗanda suka girme wa mai gidan. Abin da ya ragu na fili kuma sai a malale shi da siminti. In an yi musu magana amsarsu guda ce, wai ai icce ne, in an sare ɗaya sai a dasa goma. Wannan magana ƙarya ce, ko da mai faɗinta bai san ƙarya yake yi ba.

Da fari dai, zamanin da itatuwan nan suka girma ba irin na yanzu ba ne. Farin 1973 da na 1984 sun kashe ɗorawa da kaɗanya da yawa a ƙasashen da ke gefen Hamada, aduwa da tumfafiya suka gaje wurarensu. A ƙasar Senegal wani masani ya bi ƙauyuka yana tambayar tsofaffi yana ƙidayar itatuwa, ya tarar tsakanin 1945 da 1993 iyakar itatuwa masu son ruwa ta ja baya da kilomita 25 zuwa 30. Watau itatuwa ma suna ƙaura, sai dai ba da ƙafa ba: tsofaffi su mutu a arewa, ƙanana su kasa tashi a gurbinsu. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan komo daga baya, amma ya fi sauka da ƙarfi a lokaci guda, zafin rana kuwa ƙaruwa ya yi.

Amma babban abin da masu sara suka jahilta yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Icce ba ya rayuwa shi kaɗai. Kowane manomi ya taɓa ganin 'yan ƙulle-ƙullen nan a saiwar gyaɗa da wake. To, gidaje ne na waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, aikinsu shi ne su ɗebo abincin tsiro daga iska su ba saiwa, irin abin nan da ake saye da tsada cikin buhun takin zamani. Gawo ma yana da su, ga ganyen da yake zubarwa a farkon damina, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Akwai kuma wani irin funfuna mai zare siriri, wanda ke manne wa saiwa yana janyo mata ruwa da abinci daga inda ba ta kai ba, ita kuwa tana ciyar da shi. Har gara, wadda kowa ke zagi, ita ke huda ƙasa ruwa ya shige. Ma'aikatan gandun daji sun ga aya a kan wannan: a ƙasashen Afirka da dama sun dasa wani iccen ƙasashen sanyi da ake kira fayin, ya yi ta ƙanƙancewa yana mutuwa, har sai da aka kawo ƙasa daga gindin tsofaffin irinsa aka zuba masa, sa'an nan ya tashi.

To, ƙasar da aka rufe da siminti, ba ruwa ba iska ba ganye mai ruɓewa, me zai rayu a cikinta? Goman da ake alkawarin dasawa kuwa, galibi 'yan dogayen itatuwan ƙawa ne na waje, a jera su jikin katanga cikin rami kamar bakin tukunya, ba inuwa ba 'ya'ya, in rijiyar burtsatse ta ƙafe wata guda su bi ta. Ba a ce baƙon icce duka banza ne ba, darbejiya ma baƙuwa ce daga Indiya, a 1928 aka kawo ta Barno. Amma ita ta zauna ne don tana jure fari, ba a kuwa sa mata ƙafa cikin siminti ba.

Babu mai musun cewa Kano ta cika, mutane suna bukatar muhalli. Sai dai ba talaka ake gina wa benayen Nassarawa ba, masu su kuwa suna da halin barin kashi ɗaya cikin uku na fili ƙasa tsirara. Ya kamata hukumar tsara birni ta sa wannan cikin sharuɗɗan izinin gini, ta ƙidaya manyan itatuwan unguwar, kada a taɓa ko ɗaya sai da takarda. Masu shara kuma su daina ƙona ganye, a tara shi a gindin icce. Manoman Maraɗi tun 1983 suka fara barin kututture ya sake toho a gonakinsu, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun tashi a Nijar ta wannan hanya. Saiwar da ke raye cikin ƙasa ita ta yi musu aikin, ita ce kuma katafila ke tumɓukewa a Nassarawa cikin yini guda.