Taurarin Ɗan Adam da Rairayin Gure

A watan Nuwamba na shekarar 2024, a birnin Yamai, gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na ƙasar Rasha, domin a ƙera ma ƙasar taurarin ɗan Adam guda 3 cikin shekara 4: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da na rada mai gani ko da dare ko cikin hazo. A watan Maris na 2025 kuma kamfanin Starlink na Amurka ya fara sayar da intanet daga sama, bayan hukuma ta ba shi izini. Na farko kamfanin gwamnati ne, na biyu na attajiri Elon Musk ne. Sararin samaniya ya zama kasuwa ke nan, kuma mahukunta sun yi daidai da ba su tsaya rumfa guda ba.

Amma mai son ya auna amfanin wannan ciniki, sai ya bar Yamai, ya wuce Damagaram a kan hanyar Difa, ya sauka Gure. Can a ƙasar Muniyo rayuwar jama'a tana cikin kwari: nan ake noman dabino da rogo da rake, nan ake haƙar kanwa, nan bisashe ke shan ruwa. Kewaye da kowane kwari akwai tudun rairayi, kuma tun farin shekarun 1970 da na 1984 rairayin nan ya tashi tafiya. Manoma suna tare shi da shingen kalimbo da na karan goriba, suna dasa itace a bayan shingen. Aiki ne mai cin ƙarfi, hannuwa kuwa ba su isa kowane tudu ba. Tambayar ita ce: wane tudu za a fara tarewa bana? Hoton sama yana iya amsa ta, domin idan an jera na bara da na bana, sai a ga wanda ya matso da wanda ya kwanta.

Abin da ya kamata ma'aikata su sani shi ne hoton nan ba ya jiran 2028. Tun 2008 Amurka ta buɗe ma kowa hotunan Landsat kyauta. Tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10, shi ma kyauta. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974. Ashe ba hoto ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai karanta shi a Gure, ya hau babur ya kai ma maigari labari da Hausa ko Barbarci, ya gaya ma makiyayi da Fulatanci inda ciyawa ta tsira. Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci sun iya karatun takarda. Karatun taswira bai fi ƙarfinsu ba in an koya masu.

A ƙasar Mali an gwada wata hanya a 2017. Ƙungiyar SNV ta Holan da kamfanin tarho na Orange suka haɗa hannu da makiyaya a wani tsari mai suna Garbal: mutum ya buga salula, a gaya masa inda ruwa da ciyawa suke bisa ga hoton tauraro. Irin wannan haɗin gwiwa ne ke sauko da sama ƙasa.

Akwai kuma darasin maƙwabta. Najeriya ta sayi tauraron NigComSat-1 daga ƙasar Sin, aka harba shi a watan Mayu na 2007, ya mutu a Nuwamba na 2008 saboda faifansa na hasken rana ya lalace. Inshora ce ta sa aka samu madadinsa a Disamba na 2011. Don haka wajibi ne masu sa hannu da sunan ƙasa su duba abin da takarda ta ce game da gyara da diyya, da wanda makullin na'ura ke hannunsa ranar da aka samu saɓani, ko da Rasha ne ko da Starlink.

Kafin taurarin su iso, ya kamata ofishin gandun daji na Gure ya samu kwamfuta, da faifan hasken rana, da matasa biyu horarru, tare da kuɗin man babur na zuwa Gidigir da Kelle da Bune.