Wucewa Daban, Tarewa Daban

Waɗanda muka taso a karkara, ko muka riƙa zuwa hutun damina wurin kakanni, ba mu manta da 'yar siririyar hanyar nan da ke ratsa gonaki ba. Ta nan mata ke bi zuwa rijiya, ta nan 'yan cin kasuwa ke yanke idan rana ta yi musu, ta nan malamin daji ke turo kekensa yana duba ko an sare gawo ko ɗorawa. Ba wanda ke neman izinin mai gona kafin ya taka ta. In ya tarar da shi a duƙe ya ce masa sannu da aiki, a amsa masa, ya wuce. Amma da mutumin nan zai samu gindin kuka a tsakiyar gonar ya shimfiɗa buzu ya zauna, yau yana nan gobe yana nan, yana lura da wa ya zo wa ya tafi, me aka shigo da shi me aka fitar, to kafin mako ya zagayo maganar ta kai gaban mai unguwa. Ba a rubuta mana wannan a ko'ina ba. Kowa dai ya san wucewa daban, tarewa daban.

Wannan ɗan bambanci da yaron ƙauye ya sani, shi ne manyan alƙalan Amurka suka shekara ɗari suna kai-kawo a kansa, har yau kuma ba su sauke ba. Abin da ake ja a kai shi ne: ko jami'in hukuma na da ikon shiga filin mutum, ya ɗaure kyamara a jikin bishiyarsa, ya bar ta watanni tana ɗaukar hoto, ba tare da takardar izini daga alƙali ba? A idon dokar tarayyarsu, da ta yawancin jihohinsu, babu abin da ya hana shi.

Abin mamaki, ƙasar da ke faɗin haka tsoron bincike ne ya haife ta. Lokacin da Ingila ke mulkinsu, jami'an kwastan na yawo da wata takarda da ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta kuma ƙarewa da wuri, su faɗa kowane shago ko gida suna neman kayan fasa-ƙwauri. A 1761 wani lauya, James Otis, ya tsaya a kotu a Boston ya yi kaca-kaca da wannan takarda. Ya faɗi a shari'ar, amma maganarsa ta zauna a zukatan mutane. Da suka samu 'yanci, sai a 1791 suka sanya gyara na huɗu a kundin tsarin mulkinsu: ba za a binciki jikin mutum, ko gidansa, ko takardunsa, ko kayansa haka siddan ba, kuma alƙali ba zai ba da takardar bincike ba sai an rantse masa da dalili, an faɗi wurin da za a shiga da abin da ake nema. Abu huɗu suka lissafa. Gona ba ta ciki.

Sai a 1924 wannan giɓi ya fito fili. A jihar Carolina ta Kudu, jami'an haraji sun ji ƙishin-ƙishin ana sayar da giyar da aka dafa a ɓoye a wani gida. Suka shiga filin mai gidan ba takarda, suka laɓe daga nesa. Suna kallo ɗan gidan, Hester, ya miƙa wa wani mutum kwalba. Da aka ankara da su kowa ya ranta a na kare, Hester ya yar da tulun da ya ɗauko, tulun ya fashe, amma ɗan abin da ya rage a ciki ya isa shaida. Magana ta kai Kotun Ƙoli, inda mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya sallame ta da 'yan layuka: kariyar da aka yi wa gida ba ta kai ga buɗaɗɗen fili ba.

Mu yi wa Holmes adalci. A zamaninsa, in hukuma na son ta san abin da ke faruwa a gonarka, sai ta turo mutum mai jini a jika. Zai kwanta cikin ciyawa, sauro ya cije shi, raɓa ta jiƙa shi, yunwa ta kore shi gida. Kare zai yi masa haushi, maƙwabci zai gan shi. Shugabansa kuma zai tambaye shi dalilin ɓata kwana uku a gona guda alhali ga aiki jibge. Saboda haka ba a sa wa mutum ido sai da dalili mai ƙarfi. Gajiyar ɗan Adam da tsadar aikin su ne shingen da ya kare manomi, ba rubutun kundi ba. Wannan shi ne abin da aka manta daga baya: hukuncin an yanka shi ne daidai jikin mai wucewa.

A 1967 an yi zaton iska ta juya. Jami'an FBI sun manna na'urar saurare a bayan wata rumfar wayar tarho a Los Angeles don su kama wani ɗan caca mai suna Katz, sai Kotun Ƙoli ta ce a'a, mutum ake karewa ba gini ba, duk inda ya rufe ƙofa yana sa ran sirri, kuma jama'a suka yarda sa ransa daidai ne, to sai da takarda. Manoma suka ce ashe mu ma mun samu. Amma a 1984 aka yanke musu hanzari. 'Yan sandan jihar Kentucky sun je gonar wani Oliver, suka tarar da ƙofa a kulle da allon da ke cewa ba a shiga, suka zagaya ta gefe, suka yi tafiyar fiye da mil guda daga gidansa har suka iske gonar wiwi. Alƙalai shida cikin tara suka ce ko da kwaɗo, ko da allo, ko da shinge, fili fili ne. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya hau kujerar kotun, yana cikin ukun da suka ƙi. Hujjarsa mai sauƙi ce: yaya abin da in talaka ya yi za a kama shi da laifin keta haddi, zai zama halal don kawai mai yin sa na sanye da kaki? Bayan shekara uku, a shari'ar wani Dunn daga Texas, kotun ta ja layi: abin da ke da kariya shi ne gida da harabarsa, a duba kusanci, a duba ko danga ɗaya ta kewaye su, a duba me ake yi a wurin, a duba ko mai shi ya kare shi daga idon masu wucewa. Abin da ya haura nan, sai dai haƙuri.

A nan ne nake so mu ɗan dakata, domin mu mutane ne da muka san darajar ƙofa. Baƙo iyakarsa zaure. Sallama uku ce, in ba a amsa ba ka juya. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma tun muna makarantar allo ake karanta mana su. Har dokar shari'ar laifuka ta Nijeriya ta 2015 ta san da wannan, domin ta ce in jami'i zai shiga wurin da matar kulle take, sai ya sanar da ita ya ba ta damar kaucewa. Amma mu tambayi kanmu, rayuwar manomi a cikin ɗaki take? A gona ake kai masa fura, a nan matarsa ke shayar da jariri a inuwa, a nan ake kewayawa bayan kargo, a nan uba ke yi wa ɗansa faɗan da ba ya so a ji a gida. Makiyayi kuwa ko danga ba shi da ita. Dokar da ta ce sirri iyakarsa katanga, mai katanga ta yi wa gata.

To sai ga kyamara ta zo, wadda ba ta jin sauro ba ta neman albashi. A jihar Virginia malaman daji sun sa wa wani manomi irin wadda motsi ke tayar da ita, suka ɗauke shi yana kashe shahon da tarkonsa ya kama, tsuntsun da doka ta hana taɓawa. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yarda cewa abin na da tayar da hankali, amma ta ce hannunta a ɗaure yake: inda ƙafar jami'i za ta iya zuwa, kyamararsa ma za ta iya zama. A 2012 wani alƙalin tarayya a Wisconsin, William Griesbach, ya bi wannan sawu, bayan jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun shiga wani fili mai eka 22 da aka kafa wa allunan hana shiga, suka dasa kyamarori tun kafin su karɓi takarda. A 2012 ɗin ce kuma Kotun Ƙoli ta ce manna wa motar wani Jones na'urar bin sawu, wadda ta yi kwana 28 tana aiki, bincike ne. A 2018 ta ce karɓo bayanan inda wayar mutum ta zazzaga daga kamfanin waya sai da takarda. Ka ga ke nan mota ta samu mai tsaya mata, waya ta samu, gonar da mutum ya gada kaka da kakanni ba ta samu ba. Ko gidan ma bai tsira sarai ba. A Illinois an ɗora kyamarori uku a kan falwaya suna kallon ƙofar wani Tuggle har wata 18, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2021 ba laifi, tunda abin da mai tafiya a titi zai iya gani suka gani. Manyan kotunan Massachusetts da Colorado kuwa suka ce doguwar sa-ido irin wannan sai da izinin alƙali.

Wata ƙungiyar lauyoyi mai suna Institute for Justice ta yi lissafi a 2024 ta ce kusan kashi 96 cikin ɗari na filayen da mutane suka mallaka a Amurka suna wajen wannan kariya. Ita ce kuma ta tsaya wa wasu mutum biyu a gundumar Benton ta jihar Tennessee, Terry Rainwaters da Hunter Hollingsworth. Kowannensu ya tsinci kyamara a ɗaure a bishiya cikin filinsa, filin da yake farauta tare da iyalai da abokai. Suka kai hukumar kula da namun daji ta jihar ƙara a 2020. Ba su dogara da kundin tarayya ba, na jiharsu suka ɗauko, wanda ya kare abin da mutum ya mallaka, kuma tun 1926 kotun jihar ta ce gonar da ake aiki a cikinta na cikin wannan. Alƙalai uku suka ba su gaskiya a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Mayun 2024, hukumar kuma ba ta ƙara gaba ba. Diyyar da aka yanka dala ɗaya ce. Ba kuɗi suka je nema ba. Kotun ta bar wa malaman daji dajin da babu mai amfani da shi, amma inda aka shinge, ko ake noma, ko ake kamun kifi, sai da takarda ko yardar mai wuri. Tennessee ba ita kaɗai ba ce, akwai New York da Oregon da Vermont da Montana da Mississippi da Washington, duk sun ƙi bin tarayya a wannan batu.

Ba zan ɓoye hujjar ɗaya ɓangaren ba, don tana da nauyi. Malaman daji na cewa barewa da tsuntsu na kowa ne, ba su san iyakar gona ba, kuma mafarautan sata a cikin filayen mutane suke ɓarnarsu. Mu kuwa namu ya fi wannan zafi. Wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa aka shiga da shi dajin Rugu ko Kamuku, in ka ce masa kada a sa kyamara, zai ce ba ka san ciwo ba, kuma ya yi gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai takardar alƙali ba ta hana a kama ɓarawo. Ko a Amurka, in ana bin mai laifi a guje ko rai na cikin haɗari, ba a jiran ta. Aikinta shi ne ta tilasta wa jami'i ya tsaya gaban wani wanda ba ubangidansa ba, ya faɗi wa yake nema, don me, a ina, har zuwa yaushe. Jami'in kirki ba ya rasa amsar waɗannan. Wanda ke rasawa shi ne wanda aka aika ya leƙo ɗan adawa, ko mai rikicin gona da wani babba, ko wanda ke son ya riƙe hoton matar wani a wayarsa. Mun san ana yi, tun kafin kyamara ma ana yi.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Shi ma bai ambaci gona ba. Sashe na 45 kuma ya buɗe ƙofar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiya. Ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma ta sassauta wa masu binciken laifi da jami'an tsaro a wurare da dama. A halin nan gwamnatoci na ta sayen kyamarori da jirage marasa matuƙi, muna kuma yi musu fatan alheri, domin mun gaji da binne mutane. Amurkawa sun bar hukuncin tulun giya ya yi musu jagora har zamanin na'urar da ke aika hoto kai tsaye zuwa wayar jami'i, ga shi yanzu jiha-jiha suke bi suna ɗinke ɓaraka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka kirana ga 'yan majalisunmu na tarayya da na jihohi, da lauyoyinmu, da sarakunan da gonakin nan ke ƙarƙashinsu: a rubuta a fili cewa ba a dasa kyamara a gona ko ruga ko lambun mutum sai da yardarsa ko sa hannun alƙali, a faɗi kwana nawa za ta yi, wa ke da ikon ganin hotunan, da ranar da za a goge na wanda ba a same shi da laifi ba. Kai kuma mai karatu, in ɗan majalisarku ya zo gida, ka tambaye shi wannan.